Kaya Iri Ɗaya

Na shiga shagon Doña Fidelia Canul a Tulum
da gumin tuƙin tasi na wata bakwai a aljihu,
idona na kan wata jar riga mai aljihu goma sha biyu,
zobba da igiyoyi na reto, kamar kayan ɗan koli.
Na ce, wannan nake so.
Ko kai ba ta ɗaga ba daga tiyon da take gyarawa.
Ta ce, Wenceslao, ruwa za ka shiga ko gidan biki?

Ta dire mini farantin ƙarfe a kan tebur,
mai sanyi, ba fenti, ba suna.
Ɗamara guda, doguwa, ba ɗinki a tsakiyarta:
abin da ba shi da gaɓa, in ji ta, ba shi da wurin ɓallewa.
Jakar iska baƙa da za ta kwanta tsakanina da tulu.
Takalman agwagwa masu tauri, nauyinsu kamar na bashi.
Na tambayi launi.
Ta ce akwai baƙi, akwai kuma baƙi.

Sai tiyo biyu.
Gajeren ta rataya mini a wuya kamar laya,
ta ce wannan naka ne, ranar da ka ba da ɗayan.
Dogon ya fi ni tsawo,
ya bi ta ƙugu, ya haye ƙirji, ya zagayo ƙeya,
kafin ya iso bakina.
Na ce, duk wannan tsawon na mene ne?
Ta ce, ba don kai aka auna shi ba.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.
Kuɗina ne, huhuna ne.
A bakin rijiyar dutse da ke cikin daji mu biyar muka tsaya,
wuƙa a hagun cibiya, duk mu biyar,
agogon iska a ƙugun hagu, duk mu biyar,
tocila a dama,
kamar ƙwai daga kaza ɗaya.
Ko Anselmo Tuz, mai gyaran firji, da tumbinsa,
ba ka bambanta shi da ni sai ta gemu.

Rana ta tara ce.
Mita shida kawai, hasken rana na saukowa kamar zare,
sai ƙafata ta sabon shiga ta shuri ƙasa.
Lakar da ta shekara ɗari tana barci ta farka,
ruwa ya koma kunu.
Ban ga hannuna ba.
Na dai ji wani hannu, yana rawa, yana lalube,
bai tsaya a kafaɗa ba, bai yi tambaya ba,
kai tsaye ya zo bakina,
inda ya san iska take,
don a nan tasa take a jikinsa.
Na saki. Na sunkuyar da kai, dogon tiyo ya warware.
Haɓata ta sami gajeren nan yana jira
daidai inda aka ce zai jira.

Muka taso a hankali, mutum biyu, tulu ɗaya.
A sama Anselmo ya yi tari, ya zagi robar bakinsa da ta yage,
sannan ya yi dariya har gemunsa na ɗiga.
Doña Fidelia ba ta yaba wa kowa ba.
Ta ce mini, gobe za mu gyara shurin nan naka.

Jar rigar na nan a shagon har yau,
rana ta cinye mata kafaɗa ɗaya.
In na wuce da fasinja nakan kalle ta ta gilashi.
Har yanzu tana da kyau, wallahi.