Igiyar Fata

Shekara tara ina karatun tauhidi a Addis Ababa.
Na cika kwali huɗu da takardu a kan sunayen Allah,
amma in na durƙusa yin addu'a
sai in ji kamar ina amsa jarrabawa.

Na hau mota zuwa arewa, kwana biyu,
har gindin wani dutse a Tigray
wanda ba shi da matakala.
Igiyar fata kaɗai ke lilo,
ta yi baƙi da gumin hannuwa.

Na ɗaura ta a ƙugu, na ɗaga kai.
Ba kowa, sai leɓen dutse da shaho.
"Wa ke riƙe da ita?" na tambayi wani yaro mai awaki.
Ya ce, "Kai dai hau."

A tsakiyar hawa tabarauna ya suɓuce.
Ban ji saukarsa ba.
Ayoyin da na haddace da Girkanci
suka watse kamar an jefi tantabaru.
Saura numfashi, da gwiwa mai rawa,
da wani ja a ƙuguna
wanda bai yi gaggawa ba,
bai kuma saki ba.

A sama na tarar da Abba Tesfatsiyon,
yana a ido ɗaya, tafinsa duk kanta.
Na zazzage masa kayana:
Uku cikin Ɗaya, ta yaya?
Ina Ubangiji yake ranar da muka binne ƙanwata Wubalem?
Ya miƙo mini soyayyen sha'ir a ƙoƙo.
"Ci," in ji shi. "Ka yi nauyi, ɗana."

Kafin asuba suka tsaya a majami'a,
kowa ya dogara a sandarsa, ganga na bugu kamar zuciyar sa.
An buɗe Zabura a gabana, ban iya ganin baƙi ba.
Kyandir ya zama tabon haske.
Na tsaya haka nan, ba kalma,
har na ji gishiri a leɓena.

Ba a ba ni amsa ba.
Shatar igiya dai ta kwana uku a jikina.

Ran na huɗu tsohon ya damƙa mini ita.
Can ƙasa wata murya na kira,
"Wa ke riƙe da ni?"
Na buɗe baki zan yi bayani,
sai nauyinsa ya iso hannuna.
Na kafa ƙafa. Na ja.