Daren Talata a Garin Malam

Kuran ya dawo bayan isha'i,
muka fito da tele ƙofar shagon Tasi'u,
muka ɗora ta bisa jarka biyu,
shayin farko na tafasa kan gawayi.

Daga wata ƙasa mai sanyi ake nuno su,
samari goma, farare sol kamar garin rogo,
hula a juye, wando ya zame ƙasan ƙugu,
an zuba su gida ɗaya
a ga wa ya fi iya gambara.
Ba mu jin yarensu, ko kalma guda.
To da me za mu yi alƙalanci?
Da wuya. Da ƙafa.
Da yadda numfashi ke yanke wa mutum
ya rasa inda zai aje harshensa.

Tun makon farko muka raɗa musu suna:
ga Jan Ƙosai, ga Kunnen Zomo,
ga wani dogo da muke ce wa Gora.
Harisu ya zuba dala ashirin kan Gora,
ya rantse kakarsa daga nan Birni take,
in ba haka ba, ina ya samo wannan kaɗa kafaɗa?

Zabairu kaɗai bai sa baki ba.
Yana zaune kan babur ɗinsa na kabu-kabu,
shekara bakwai yana rubuta baitoci
a bayan littafin lakwal na ƙanensa,
kan ruwan famfo da ba ya zuwa,
kan digirin yayansa da gara ta fara ci.

Alƙalai uku, ɗaya da sarƙa
mai kaurin igiyar guga.
Kunnen Zomo ya taso, ya kama kiɗa,
ya hau, ya hau,
sai baiti ya kuɓuce masa.
Kiɗa na tafiya, shi yana tsaye,
fuska ta yi ja kamar tattasai.
Muka kwashe da dariya har shayi ya zube.
Kamara ta bi shi ɗaki
yana cusa riguna a jaka, yana share hanci.

Zabairu ya ce, a hankali,
ni na san wannan shirun.
Ya taɓa kama ni a gidan matasa,
mikro a hannu, mutum ɗari uku,
harshena ya bushe kamar kilishi.
Shiru ba shi da fari, ba shi da baƙi.

Ana shirin faɗar wanda ya ci,
alƙali ya buɗe takarda,
kuran ya ɗauke.
Unguwa duka ta ce kash.

Duhu ya fito da duwatsun bayan gari,
manya-manya, sun yi tsugune kamar masu kallo.
Wani ya jawo jarka ya fara bugawa,
Zabairu ya sauko daga babur.
Ba fitila, ba kyautar mota,
ba wanda zai kore shi gida,
gidansu ga shi nan, lungu na biyu.
Ya yi ta zuba har wuta ta mutu a murhu.

Da ya gama, tsoho Ɗan Jimma mai gadi
ya tofar da goro ya ce,
yaro, maganarka gaskiya ce, amma ka cika sauri.

Har yau ba mu san wanda ya ci ba.
Harisu dai na bin mu dala ashirin.