Layin Bango

Metir Sanda ya ce kada in shafe shi.
Shi ya sa har yau, in ka shigo ɗakina a Bukoki,
kafin ka ga fuskata za ka ga layin nan,
baƙi-baƙi, ya zagaye bango kamar ɗamara.

Daren Talata ne.
Da ta ƙofa ya zo, da mun tare shi da buhunan yashi.
Ta makwararar wanka ya taso, yana ɓulɓul,
duk abin da unguwa ta kai bayan gida ta manta
ya dawo ya shiga ɗaka ba sallama.
Ya hau katifa. Ya leƙa tukunya.
Ya sami keken ɗinkina, na shekara talatin da ɗaya,
ya zauna masa a ciki.

Gida goma sha huɗu muka haɗa jika biyar-biyar:
ni, da Barmu mai gyaran babur,
da Kuluwa da ta zubar da buhu uku na gero
ta tsaya tana kallon kaji ma sun ƙi shi.
Muka kai ƙarar hukumar magudanai,
wadda muka rubuta wa takarda sau bakwai
cewa kanibo ya toshe, ku zo.

Lauyansu ya miƙe, ƙamshin turarensa har bencin baya.
Ya ce ruwan sama ne, ikon Allah.
Barmu ya ce a kunnena:
yaushe sama ta fara zubo abin da muka kwashe da shebur?

Aka ce mu kawo rasit na kayan da suka lalace.
Rasit yana cikin akwati,
akwati yana ƙarƙashin gado,
gadon kuwa, ranka ya daɗe, shi muke ba da labari.

An ɗage zuwa bayan azumi.
An ɗage, alƙali ya yi tafiya.
An ɗage, dosiye ya hau bene bai sauko ba.

Ranar da wisiye ya zo da ma'auni
jikata Habsu ta jingina da bango tana kallo,
layin daidai haɓarta.
Na ɗauki gawayi na yi mata nata alamar a gefe.
Yanzu ta shiga lekol, tana karanta mini sammaci,
layin ya sauka ƙasa da kafaɗarta.
Ita tana tafiya. Shi yana nan inda ya tsaya, kamar shari'ar.

Matata ta sayi farar ƙasa tun bara,
tana nan a kwano, ta bushe ta tsage.
Ta ce, wane irin shaida ne wannan
da muke kwana da shi, muke cin tuwo a gabansa?

Jiya hadari ya haɗo ta wajen kogi.
Ban kalli sama ba.
Na ɗauki tocila na je na tsuguna bakin makwarara,
na kasa kunne.