Bashin Mirsad

A Sarayebo, kafin igwa ta tashi,
layi yakan kai har bakin gada
don gurasar Mirsad.
Shi kuwa, a bayan tanderu,
sai ya kafa kai a buta.
"Wutar nan ta yi yawa," in ji shi.

Shekara goma sha ɗaya.
Ba ciwo, ba tafiya.

Yau furfura ta cinye gemu.
Tsakiyar hunturu, leɓe a bushe,
yana zana wa bango layi da gawayi.
Almasa ta ce, "Kaka, ai watan ya wuce."

"Ya wuce, jikalle.
Mai bashin yana nan.
Ƙaramar wuta na gudar wa.
Kwanakin na ƙirga, ina biya.
Abin da ba ya ƙirguwa
shi ke hana ni barci."