Awo

Shekara arba'in a Ƙofar Marusa
ina ɗora tef a kafaɗun mutane,
ango, ɗan makaranta, har liman.
Yau ni ake aunawa.

Ran Talata Saude kan zo daga asibitin unguwa,
'yar Ilu mai faci, wadda na ɗinka wa
rigar firamare, na bar kalmasa
don na san za ta yi tsawo.
Ta naɗa min maɗauri a damtse,
ta matsa, ta yi shiru.

"Baba, ya ɗan hau. Gishiri fa?"
Na ce miyar kuka ba gishiri
ai zance ne ba gaisuwa.
Ta ƙirga min ƙwayoyi
a tsohon gwangwanin maɓallai,
fara da safe, ja bayan isha'i.

Ta ce in taka zuwa masallaci,
in bar jikana da babur ɗinsa.
Na taka. Gwiwa ta yi kukan
keken da bai sha mai ba,
amma ta kai ni.

Za ta fita, na hango
bakin hijabinta ya warware.
Na ce, zauna.
Zare dai ita ta zura min,
saura kuwa hannu bai manta ba.