Sikelin Gidan Gurza

Shekara goma sha tara na yi a bakin ƙofar nan,
ina auna audugar Kumo da ta Dukku,
ina rubuta nauyin gumin mutane da jan biro.
Ran da injin ya yi tarinsa na ƙarshe,
Yila ne ya kashe fitila, ni na danna kwaɗo.

Daga nan jemagu suka karɓi aiki.
Kwano ya yi tsatsa, ya wangale baki yana shan ruwan Agusta,
tumfafiya ta zauna a ofishin manaja,
ba wanda ya ce mata tashi.

Bara sai ga wata yarinya da tef ɗin awo a wuya,
wai injiniya ce, jikar Bappayo mai gadi.
Na ce, rushewa za ku yi?
Ta ƙwanƙwasa bango, ta kara kunne
kamar mai zaɓen tukunya ran kasuwa.
Ta ce, Baba, wannan da sauran numfashinsa.

Yau na shiga.
Inda bel ya cinye wa Manu yatsu biyu,
teloli tara ne a jere, ƙafa na bin ƙafa.
Rumbun iri ya koma ajin dare,
matan Jekadafari na kokawa da lissafi,
alli a hannu, goyo a baya.
Can sama, inda ƙurar auduga ta ba mu bashin tari
da har yau muke biya da asuba,
samari sun duƙufa kan cikin waya da ɗan tsinke.
Tagar da muke karɓar albashi kuwa
masa ake miƙowa ta ciki, da zafinta.

Yila ya tambayi kuɗin hayar shago ɗaya.
Aka faɗa masa. Ya yi dariya, ya gyara hula, ya fita.
Wannan ma a rubuta shi.

Sikelina dai suka bari a inda yake,
sun goge shi, sun ba shi mai.
Yara biyu suka ɗare,
ɗaya ya ce, Tsoho, kilo nawa muke?
Na tura dutsen awo, ashe hannu bai manta ba.
Arba'in da ɗaya, na ce, har da takalma.
Suka sauka da gudu.

Na laluba aljihun gaba.
Babu biro.