Kirfa Ta Ƙi Kifi

Kwana uku ke nan Kirfa ba ta zo gindin murhu ba.
Ni da na saba, tun gawayi bai kama ba,
in ji jelarta na shafar idon sawuna
kamar mai karɓar harajin kasuwa.
Na jera kofuna a inuwar dogon yaro,
masu jiran motar Sinnar sun sha, sun biya, sun wuce,
kujerarta, tsohon buhun sukari, ba kowa a kai.

A bayan randa na same ta.
Ido ya yi kwantsa,
jan gashin da ya sa na raɗa mata suna
ya mimmiƙe kamar tsintsiyar da ta gama yayi.
Na karɓo kan kifi wajen Ɗan'asabe masunci,
ta sansana, ta kau da kai.
Mage ta ƙi kifi a Mai Wurno!
Har kogin Nilu sai da ya ji kunya.

Maƙwabci ba ya rasa magani.
Barira ta ce in ɓalli rabin fanadol in jiƙa mata.
Sambo mai facin taya ya ce kananzir,
a shafe ta tas, ƙuma ta yi ƙaura.
Ni kuwa madara na ƙara,
don abin da hannuna ya iya ke nan:
duk wanda ya zo da damuwa, a zuba masa mai kauri.

Da asuba gudawa ta ɓata tabarma.

Na sa ta a kwando, na lulluɓa tsohon mayafi,
na tare raksha.
Direba na leƙe ta madubi:
"Hajja, majinyaciyar taki ba ta gaisuwa ne?"

Likitar yarinya ce, Dakta Ihsan,
ba ta kai autata shekaru ba.
Ta ja fatar wuyan Kirfa, ta saki,
fatar ta tsaya cak, ta ƙi komawa.
"Kin gani? Ruwan jikinta ya ƙafe."
Ta taje bayanta a kan farar takarda,
baƙin gari ya zubo kamar ganyen shayi,
ta ɗiga masa ruwa, ya koma ja.
"Kashin ƙuma ne. Jininta suke sha.
In ta lashi jiki ta haɗiye su,
su bar mata tsutsa a hanji."

Na ambaci fanadol.
Ta ajiye alƙalami, ta dube ni.
"Da kin ba ta, da zancen rami muke yanzu."
To kananzir fa? "Da harshe take wanka, Hajja."
Madarar ce ban so in faɗa ba.
Na faɗa.
Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce cikin babbar mage
ba cikin jariri ba ne.

Shekara huɗu ina shayar da ita ƙaunata
ashe ciwon ciki nake ɗura mata.

Allura biyu, ƙwaya ɗaya, ɗigo a ƙeya.
Cinikin kwana uku ya tafi.
Ta rubuta ranar rigakafin cizon mahaukacin kare,
ta ce in ƙone buhun, in wanke tabarmar da ruwan zafi,
kuma ruwa, ruwa, a inuwa, kullum sabo,
zafin nan ba mu kaɗai yake gasawa ba.

Buhun nan, mai gidana ne ya shimfiɗa mata shi
shekarar da ya rasu.
Na daɗe tsaye da ashana a hannu.

Ran kwana tara ina tace citta
na ji ihu daga gangare.
Ɗan'asabe ne, takalmi ɗaya a hannu,
Kirfa a gaba, tarwaɗa a baki,
jela sama kamar tuta.

"Nawa ne kifin?" na ce.
Ya faɗi kuɗi har da ƙari.
Ban taya ba.